Hanyar Zama Ma'aikacin Jinya Mai Lasisi a Kano, Daga Sakandare Zuwa Kama Aiki

Duk shekara da zarar sakamakon WAEC da NECO ya fito, sai tambayoyi su yi mini yawa, wasu daga ɗalibai, wasu daga iyaye da yayye, kuma kusan duk maganar ɗaya ce: yarinya tana son aikin nas, ta ina za a fara, me za a tanada, wace makaranta ce ta gaskiya. Na ga ya fi dacewa in tattara amsar wuri guda, bisa jerin yadda abubuwan ke zuwa, domin mafi yawan asarar da nake gani ana tafkawa daga gabatar da abin da ya kamata a jinkirta take tasowa, ko biyan kuɗi kafin bincike. Zan riƙa cewa "ki" saboda yawancin masu tambayar mata ne, amma duk abin da na faɗa ya hau kan namiji, kuma ɗakunan kwanciya na maza, da ɗakin tiyata, da sashen haɗari duk suna neman maza.

A riƙe wannan tun daga farko: a Najeriya ba a kiran mutum nas a hukumance sai sunansa yana cikin rajistar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wato NMCN, kuma yana riƙe da lasisinta. Kowane mataki da ke ƙasa hanya ce zuwa ga wannan lasisin, don haka duk makarantar da ba za ta kai ki gare shi ba, komai kyan gininta da farin kayan ɗalibanta, ba wurin zuwanki ba ce.

1. Kiredit biyar

Aikin yana farawa tun daga aji huɗu na sakandare, lokacin da ake raba ɗalibai, domin dole ki shiga ajin kimiyya. Abin da ake nema shi ne kiredit a darussa biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, a zama ɗaya ko a zama biyu, ba fiye ba. Kiredit yana nufin daga A1 zuwa C6. D7 a Fiziks ba kiredit ba ce, ko da sauran huɗun duk A1 ne, kuma darasin Aikin Gona ko na Kiwon Lafiya ba ya maye gurbin Bayoloji.

Gargaɗi: idan darasi ɗaya ya faɗi, a sake zama jarrabawar, ko ta 'yan makaranta ko ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara. Kada a saurari mai cewa zai "gyara" sakamako, saboda makaranta da Majalisa duk suna tantance shi kai tsaye daga hukumar jarrabawa, kuma sau da yawa asirin ba ya tonuwa sai an yi nisa, an kashe kuɗi. Haka nan wadda aka rubuta wa amsa a ɗakin jarrabawa za ta gamu da Kemistiri da Bayolojin nan suna jiran ta a watannin farko na makarantar jinya, inda babu mai rubuta mata.

2. Daidaita suna da ranar haihuwa

Wannan mataki ƙarami ne a ido, amma ya tsayar da mutane da yawa a garin nan. Ki jera takardunki a gabanki: katin NIN, takardar haihuwa, shaidar kammala firamare, sakamakon sakandare, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Ki duba harafi bayan harafi. Idan wata takarda ta ce Aisha Muhammad, wata ta ce Aishatu Mohammed, wata kuma an liƙa mata sunan unguwa ko na gari a ƙarshe, to a wajen kwamfuta mutum uku ne. JAMB daga NIN take ɗauko suna da ranar haihuwa, don haka duk gyaran da za a yi a ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, a yi shi watanni kafin a buɗe rajista, domin ba ya fitowa a rana ɗaya.

3. Zaɓen hanya

Nan ne ya kamata a zauna da iyaye a yi shawara a tsanake, domin hanyoyin sun bambanta a tsawon lokaci, da wahalar samun gurbi, da kuma matakin da za a ɗauki mutum aiki.

Hanya ta farko ita ce digirin jinya, BNSc, wanda ake yi a shekara biyar. A Kano, Jami'ar Bayero tana da sashen kimiyyar jinya a ƙarƙashin kwalejinta ta kimiyyar lafiya, kuma ɗalibanta a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya suke koyon aikin hannu. A cikin shekarun nan biyar ɗaliba take zama jarrabawar Majalisa, ta fito da digiri da rajista tare. Bayan haka akwai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan hidimar ƙasa. Wannan hanya ita ce mafi tsawo kuma mafi cunkoso, amma ita ce mafi sauƙin ɗorawa a kai ga mai burin koyarwa ko digiri na biyu.

Hanya ta biyu ita ce kwalejin koyon aikin jinya. Gwamnatin jiha tana da kwalejinta mai makarantu a cikin birni da wajensa, har da ta jinya a Madobi da ta ungozoma a Dambatta, kuma Asibitin Malam Aminu Kano ma yana da tasa makarantar. A tsohon tsari shekara uku ake yi a fito da shaidar RN ga nas, ko RM ga ungozoma. Yanzu kwalejoji suna komawa tsarin ND da HND tare da hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, wanda shekara huɗu ne, ta JAMB ake shiga, kuma a cikinsa ɗaliba take samun rajistar jinya sannan ta ƙara fanni na biyu, kamar ungozoma ko lafiyar al'umma. Tunda makarantu ba a rana ɗaya suka sauya ba, ki tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai da bakinki: a wane tsari za a ɗauki 'yan wannan shekarar, shekara nawa ne, kuma wace takarda za a bayar a ƙarshe.

Akwai kuma shirin jinya da na ungozoma na karkara, mai shekara biyu, wanda aka tsara domin samar da ma'aikata ga ƙananan asibitocin ƙauyuka. Lasisinsa yana da iyaka, bai kai RN ko RM ba, amma ga yarinyar da za ta koma ta yi wa garinsu aiki hanya ce mai albarka.

A ganina, wadda makinta ke da ƙarfi ta nemi jami'a, amma kada ta shekara uku tana maimaita JAMB alhali ƙofar kwaleji a buɗe take, domin mai RN tana iya shiga jami'a daga baya kai tsaye zuwa aji biyu, ko ta yi digirin a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa tana cikin aikinta.

Gargaɗi: makarantar koyon fasahar lafiya da makarantar tsafta suna horar da ma'aikatan lafiyar al'umma, irin su CHEW, da jami'an duba-gari. Aiki ne mai daraja wanda ke riƙe da asibitocin sha-ka-tafi, amma ba jinya ba ne, hukumar da ke ba su lasisi daban ce, kuma takardarsu ba ta rikiɗewa ta zama RN. Haka nan zaman koyon allura da ƙarin ruwa a kemis ko a asibitin kuɗi, ko shekara goma aka yi ana yi, Majalisa ba ta san da shi ba.

4. Binciken makaranta kafin a biya ko sisi

Makarantu masu zaman kansu sun yawaita a Kano, wasu na ƙwarai, wasu kuwa allo ne kawai da haya. Majalisa tana wallafa jerin makarantun da ta amince da su a shafinta na intanet, jiha bayan jiha. Ki nemi sunan makarantar a ciki, sannan ki duba ko shirin da kike so ɗin ne aka amince mata, domin ana iya sahale wa makaranta ungozoma ba a sahale mata jinya ba. Idan jami'a ce, sai an haɗa amincewar hukumar kula da jami'o'i, NUC, da ta Majalisa. Bayan haka a je a ga wurin da ido: ɗakin gwajin aiki mai gadaje da mutum-mutumi, ɗakin karatu, da sunan asibitin da ake tura ɗalibai. A tambayi 'yan ajin ƙarshe ko waɗanda suka gabace su sun zauna jarrabawar Majalisa.

Na san wata yarinya a unguwarmu da mahaifinta ya sayar da fili ya kai ta wata makaranta, aka yi ta ce musu takardar amincewa tana hanya. Shekara biyu tana saka fararen kaya tana zuwa, har ranar da aka garƙame wurin, ta dawo gida babu takardar da za ta nuna wa kowa, ta sake daga JAMB. Kalmar "muna kan nema" ba amincewa ba ce. Wadda kuma za a kai ƙasar waje, ta san cewa in ta dawo sai ta yi zaman daidaita karatu a makarantar da Majalisa ta tura ta, ta ci jarrabawa, kafin ta taɓa majinyaci a nan.

5. Rajistar JAMB da jarrabawa

Ana buɗe rajista a farkon shekara. Da layin wayarki, wanda ba za ki yar ba, za ki rubuta NIN, ki bar tazara, ki sa lambobinki goma sha ɗaya, ki tura zuwa 55019 ko 66019, a aiko miki da lambar da za ki sayi fin ɗin rajista (PIN) da ita. A 2025 kuɗin ya kama naira 7,200, ko 8,700 ga mai son jarrabawar gwaji, kuma ina ba da shawarar a yi gwajin, musamman ga wadda hannunta bai saba da kwamfuta ba. Darussan huɗu ne: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. A ƙa'ida, sai mai shekara 16 ake bai wa gurbi.

Gargaɗi: a cibiyar da JAMB ta amince da ita kaɗai ake rajista, ba a kowane kafe ba. Ki tsaya a kan mai cike miki, ki karanta allon kafin ki dangwala yatsa, kuma kada ki bari a sa lambar wayar mai shago ko imel ɗinsa a madadin naki, saboda duk saƙon gurbi can zai tafi.

Kada mafi ƙarancin maki ya ruɗe ki. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i da 140 ga kwalejojin jinya cikin 400, amma wannan bakin ƙofa ne kawai. Jinya tana cikin kwasa-kwasan da aka fi rububi, guraben kuma ƙididdigaggu ne, don haka wadda ke neman digiri ta sa ranta a kan maki mai nisa sama da 200. Idan sakamako ya fito bai kai ba, akwai damar sauya makaranta a shafin JAMB zuwa kwaleji, kuma gara a yi da wuri kafin a rufe fom ɗinsu.

6. Tantancewa da karɓar gurbi

Bayan JAMB kowace makaranta tana sayar da nata fom ɗin. A jami'a, kuɗin tantancewa an ƙayyade shi kada ya wuce naira 2,000, ban da cajin banki. Kwalejoji sukan yi jarrabawar shiga a kwamfuta, sannan ganawar baki, inda za a duba takardunki na asali, a yi miki tambayoyi da Turanci, a ga natsuwarki. Ki je da asalin kowace takarda da kwafi aƙalla biyar, da hotuna, kuma ki shirya amsa ta gaskiya kan dalilin da ya sa kike son aikin.

Kada ki manta da ɗora sakamakon sakandarenki a CAPS, wato shafin JAMB na bayar da gurbi, ta hannun cibiyar JAMB, domin idan babu shi makaranta ba ta iya tura sunanki ko da kin ci. In gurbi ya fito, ki karɓa a CAPS, ki buga takardar shaida.

Gargaɗi: lokacin nan ne 'yan damfara ke fitowa da lambobin waya a Facebook da WhatsApp suna cewa su jami'an makaranta ne. Kuɗin makarantar gwamnati ba ya shiga asusun mutum. Ta Remita ko asusun da makarantar ta sanar ake biya, a karɓi rasit, a ajiye shi har ranar gamawa.

7. Kuɗi da kayan aiki

Iyaye sukan lissafa kuɗin makaranta kaɗai, sai hidimomin gefe su zo su kayar da su. A karɓo jadawalin kuɗin shekarar daga ofishin makarantar, sannan a ɗora waɗannan a kai: kuɗin karɓar gurbi, gwajin lafiya, ɗakin kwana, kuɗin shigar da suna a Majalisa, kuɗin jarrabawar ƙarshe da na lasisi, buga takardar bincike ta ajin ƙarshe, da kuɗin adaidaita sahu zuwa asibiti kullum, wanda shi ne ke cin aljihu a hankali. Makarantar kuɗi tana ninka ta gwamnati sau da yawa. Ɗaliban makarantun gwamnati su bincika ko makarantarsu tana cikin tsarin bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024.

Kayan da ba makawa su ne yunifom aƙalla kala biyu da hijabinsa, rufaffen takalmi mara tsini wanda ba ya santsi, agogon maƙalawa a ƙirji mai hannun daƙiƙa domin ƙirga bugun jini da numfashi, abin sauraren ƙirji, ma'aunin zafin jiki, na'urar awon jini, almakashi, biro shuɗi da ja, da ƙaramin littafin aljihu. Yadi yana nan a Kantin Kwari, kayan awo da littattafai a Sabon Gari, amma kada a ɗinka komai sai makaranta ta ba da samfurinta. Waya ko kwamfutar da za ki riƙa gwada amsa tambayoyi a kai ma ta zama dole.

Kafin ki fara shiga ɗakin marasa lafiya, ki yi gwajin ciwon hanta nau'in B, idan babu ki karɓi rigakafinsa, allura uku: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Tsinin allura yana yawan soke ɗalibai.

8. Watanni shida na farko

A kwalejoji wannan zangon ake kira PTS, kuma a ƙarshensa akwai jarrabawar da ke tankaɗe ɗalibai. Dalilin tsananinta shi ne Majalisa ta yanka wa kowace makaranta adadin da za ta iya yi wa rajista, saboda haka samun gurbi bai zama tabbacin zama ba. Makin ci 50 ne, ba 40 ba. Darussan da ke kayar da mutane su ne ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, saboda yawan sababbin kalmomi. Wadda ta fito daga makarantar da ba a cika magana da Turanci ba kada ta karaya, amma ta san karatun kullum ne zai fid da ita: a bita darasi a daren da aka yi shi, a zana ƙashi da zuciya da hannu, a haɗa ƙungiya ta mutum uku ko huɗu ana yi wa juna tambaya. Biki da suna da yawon zumunci a ɗage su zuwa hutu, kuma a gida a rage mata aikin girki.

Waɗanda suka tsallake ne ake tura sunayensu Majalisa a ba kowa lambarsa, abin da ɗalibai ke kira indeksin. Ki ga lambarki da idonki, ki tabbatar an rubuta sunanki daidai, ki adana ta. Ɗalibar da ba ta da wannan lamba ba za ta zauna jarrabawar ƙarshe ba, don haka in shekara ta zagayo ana ta yi muku alkawari, iyaye su je su tambaya.

9. Zaman asibiti

Za a riƙa zagayawa da ku: Murtala, Nassarawa, asibitin yara na Hasiya Bayero, Asibitin Zana, na masu taɓin hankali a Dawanau, na ƙashi a Dala, da ƙananan asibitocin unguwanni da ƙauyuka. Aikin farko shi ne gyaran gado, wanke majinyaci, awon zafi da jini, juya wanda ba ya iya motsi don kada bayansa ya yi gyambo, da kwashe abin da danginsa ma ke kawar da kai daga gare shi. Wadda ta raina waɗannan tana ɗokin yin allura ba ta fahimci aikin ba tukuna. Akwai littafin da malamar ɗaki ke sa wa hannu kan kowane aiki da kika yi a gabanta, kuma ana duba shi a jarrabawa, don haka kada ki tara shi sai ƙarshen zango.

Gargaɗi: kada ki ba da magani ko allura babu mai kula da ke a tsaye. In kin yi kuskure, ki faɗa nan take, saboda minti goma na ɓoyewa yana iya zama ran mutum. Kada ki ɗauki hoton majinyaci, kuma abin da kika gani a gado ya tsaya a can. Kano babban gari ne amma kowa ya san kowa, kuma matar da kika karɓi haihuwarta tana iya zama surukar maƙwabciyarku.

Akwai aikin dare, akwai aikin ranar Sallah. Idan akwai maganar aure a tsakiyar karatu, a gaya wa mijin da danginsa wannan ƙarara tun kafin a sa rana, domin ana ƙirga kwanakin halarta, kuma wadda ta gaza cika su ana iya mayar da ita baya.

10. Jarrabawar Majalisa

Makaranta za ta fara yi muku tata jarrabawar ta share fage, wadda ta ci ita ake gabatarwa. Ta Majalisa ga masu jinya a watan Mayu da Nuwamba ake yi, ta ungozoma a Maris da Satumba. Kashi biyu ce: tambayoyi a kwamfuta, da gwajin aiki da ake kira OSCE, inda za ki bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya, kowace da 'yan mintuna, mai jarrabawa yana riƙe da takarda yana duba jerin abin da kika yi. Makin da aka fi zubarwa a nan na ƙananan abubuwa ne: gaisuwa da gabatar da kai, neman izinin majinyaci, wanke hannu, jan labule, da rubuta abin da aka yi. Ki saba da su tun a ɗakin kwanciya har su zame miki jiki.

11. Lasisi da neman aiki

In sakamako ya fito, ta hannun makaranta ake neman rajista da lasisi, kuma kada ki kama aiki a ko'ina da sunan nas kafin ki riƙe shaida. Mai digiri za ta nemi gurbin shekarar sanin makamar aiki a asibitin da aka amince wa, sannan NYSC. Masu ɗaukar aiki a nan su ne Hukumar Kula da Asibitoci ta jiha, hukumar lafiya matakin farko, asibitocin tarayya, asibitocin kuɗi da ƙungiyoyin agaji. Bayan an ɗan goge a aiki ana iya komawa karatun ƙwarewa: jinyar ƙashi a Dala, ta ido ko ta kunne ko ta ƙwaƙwalwa a Kaduna, ko ungozoma a Gezawa ga mai RN.

Lasisin shekara uku yake yi. Kafin a sabunta shi sai an halarci bitar ƙarin ilimi ta dole da ake kira MCPDP an karɓi shaida, don haka ki rubuta ranar ƙarewarsa a inda za ki riƙa gani, ki yi bitar tun da sauran watanni, saboda asibitoci suna neman lasisi mai rai wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma, kuma wanda ya bari nasa ya mutu sai ya biya tara kafin a sabunta masa.